Me Ya Sa Kalkuleta Take Ƙin Amsa Wasu Tambayoyi? Hurumi da Girbin Fankshan

Ɗauko wayarka ka buɗe kalkuleta. Danna 12, danna alamar rabawa, danna 0, sannan ka nemi amsa. Ba za ta ba ka lamba ba. Wata wayar za ta ce an yi kuskure, wata kuma ta gaya maka kai tsaye cewa ba a rabawa da sifili. Da yawanmu mukan ɗauka na'urar ce ƙarfinta ya ƙare, sai mu goge mu wuce. Alhali ba gazawa ta yi ba. Tambayar ce ba ta da amsa, ko da kuwa kwamfutar da ta fi kowacce girma a duniya ka kai wa.

A waya wannan wasa ne. A ranar 21 ga Satumba 1997 kuwa, wani ma'aikaci a jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna USS Yorktown ya shigar da sifili a wani gurbi na ma'ajiyar bayanan jirgin. Manhajar ta karɓa ba tare da ta tantance ba, ta je ta yi rabawa da shi. Kuskuren ya bi kwamfutocin da ke haɗe da juna har ya kai ga masu sarrafa injin, jirgin ya tsaya cak a teku, daura da gaɓar jihar Bajiniya, kusan awa uku. Waɗanda suka rubuta manhajar sun tsallake tambayar da ake koya wa ɗan sakandare ya fara yi kafin ya taɓa alƙalami: wace lamba ce aka yarda a zuba a wannan lissafin, wacce ce ba a yarda ba?

To, bari mu faro daga tushe.

Abin da malaman lissafi ke kira fankshan ƙa'ida ce da kake miƙa mata lamba ta mayar maka da lamba. Sharaɗinta ɗaya tak: duk abin da ka ba ta, amsa guda za ta bayar, ba biyu ba, kuma ko yaushe ka sake ba ta abin nan, amsar nan za ta maimaita. Idan ƙa'idar ita ce "ninka sau biyu ka ƙara ɗaya", sai a rubuta f(x) = 2x + 1. Ka ba ta 3 ta ba ka 7, ka ba ta 10 ta ba ka 21. Wannan salon rubutu na f(x) ya fito ne daga Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan, a 1734.

Tarin duk lambobin da aka yarda a ba fankshan shi ne a aji ake kira domen. Ba domen ɗin adireshin intanet ba, kar ka haɗa su. A nan za mu kira shi hurumi, domin Bahaushe ya riga ya san ma'anar "wannan ba huruminka ba ne". Tarin duk amsoshin da za su iya fitowa kuma shi ake kira renj, mu kuma mu ce masa girbi, tunda abin da ka iya kwasowa ne bayan ka gama shuka duk abin da hurumin ya ɗauka.

Yadda ake gano hurumi

Dabarar ita ce ka juya tambayar. Kar ka ce "me zan iya zubawa?", domin lambobi ba su da iyaka, ba za ka gama gwaji ba. Ka ce "me zai karya wannan lissafin?" Ka tsince waɗannan ka ajiye gefe, duk abin da ya rage shi ne hurumi. Kuma a matakin sakandare masu karya lissafi ba su da yawa.

Na farkonsu shi ne wanda muka fara da shi. Me ya sa ba a rabawa da sifili? Ka tuna cewa 12 ÷ 3 = 4 ne saboda 3 sau 4 ya ba da 12. To idan 12 ÷ 0 yana da amsa, dole a samu lambar da in an ninka ta da sifili za ta ba da 12. Babu ita, domin komai sau sifili, sifili ne. Shi kuma 0 ÷ 0 matsalarsa akasin wannan ce: kowace lamba ta dace, 5 ta dace, 900 ta dace, fankshan kuwa amsa ɗaya take bayarwa. Kar ka ji kunya idan wannan ya taɓa rikita ka. Brahmagupta na Indiya, wanda ya tsara dokokin lissafi da sifili a shekara ta 628, shi kansa ya rubuta cewa sifili raba sifili sifili ne, masana na baya suka gyara masa.

Saboda haka duk inda ka ga x a ƙasan layin rabawa, tsaya ka duba. A f(x) = 1/(x − 3), ƙasan layi yana zama sifili idan x ya zama 3. Hurumi ke nan shi ne kowace lamba ban da 3. Lura, 2.999 ta shiga, 3.001 ma ta shiga. Ukun nan kaɗai aka kora.

Na biyu shi ne sukwaya-rut, wanda za mu kira saiwa. Saiwar 9 ita ce 3, domin 3 sau 3 tara ne. To mece ce saiwar −9? Gwada 3, ka sami 9. Gwada −3, mainos sau mainos ya ba ka 9 ɗin dai. Babu lambar da za ka ninka da kanta ta faɗa ƙasa da sifili. Akwai wani faffaɗan gidan lambobi da injiniyoyin lantarki ke aiki da shi inda −9 take da saiwa, amma wannan hirar wata rana ce, a nan muna kan lambobin da ke jere a kan layi. Don haka abin da ke ƙarƙashin alamar saiwa dole ya zama sifili ko sama da shi. A f(x) = √(x − 2), ana buƙatar x − 2 ≥ 0, wato x ya fara daga 2 ya yi sama. Ita 2 ɗin tana ciki, domin saiwar sifili sifili ce, ba ta da laifi.

Logaridim ya fi saiwa tsauri, domin ko sifilin ba ya karɓa, sai abin da ya ɗara shi.

Idan masu laifi biyu suka haɗu a lissafi ɗaya, kowanne sai an biya masa sharaɗinsa. Ɗauki f(x) = √(x − 2)/(x − 5). Saman layi ya ce x ya fara daga 2, ƙasan layi ya ce ban da 5. Hurumi shi ne daga 2 zuwa sama, da rami guda a kan 5.

Ga wani tarko da ke cin makin ɗalibai masu ƙoƙari, ba ma ragwaye ba. An ba ka f(x) = (x² − 1)/(x − 1). Idonka ya gane cewa x² − 1 daidai yake da (x − 1)(x + 1), sai ka soke na sama da na ƙasa, ya rage x + 1. Ka duba ka ga ba rabawa, ba saiwa, ka rubuta cewa kowace lamba ta shiga. Ka faɗi. Koma kan asalin abin da aka ba ka ka zuba 1, za ka ga 0/0. Sokewar da ka yi ita kanta rabawa ce da x − 1, kuma ba ta halatta sai idan x ba 1 ba ne. Ana neman hurumi ne a kan fankshan yadda ta zo, kafin a yi mata kwaskwarima.

Duk wannan iyakar da lissafi ya gindaya ce. Akwai kuma wadda duniya take gindayawa, kuma a ganina ita ce aka fi sakaci da ita a aji. A ce motar haya tana da kujera 18, kuɗin kujera naira 2,000. Kuɗin da direba zai tara shi ne f(x) = 2000x. A takarda ba abin da zai hana ka zuba −4, ko 7.5, ko 600. A tasha kuwa babu fasinja mainos huɗu, babu rabin mutum, mota kuma ba ta ɗaukar ɗari shida, duk da mun san wasu direbobin na ƙoƙari. Huruminta na gaskiya shi ne cikakkun lambobi daga 0 zuwa 18. Girbinta kuma 0, 2,000, 4,000, har zuwa 36,000. Idan yaron mota ya kawo naira 5,000 ya ce kuɗin kujeru ne cif, ba sai ka ƙirga fasinja ba, ka san da magana, domin 5,000 ba ta cikin girbin.

Girbi ya fi wuya

Gaskiya ce, ya fi wuya, domin ba shi da jerin masu laifi da za ka haddace. Sai ka yi tunani a kan halin fankshan ɗin.

Wani lokaci halin a fili yake. Lamba in an ninka ta da kanta ba ta sauka ƙasa da sifili, don haka girbin x² daga sifili ne zuwa sama. Da wannan kaɗai za ka warware da yawa. An ba ka x² − 4x + 7? Sake tsara shi ya koma (x − 2)² + 3. Ɓangaren farko mafi ƙanƙantarsa sifili ne, lokacin da x ya zama 2. Ashe amsa ba za ta taɓa gaza 3 ba, sama kuwa ba ta da rufi.

Dubi √(9 − x²). Hurumi tukuna: 9 − x² kar ya gaza sifili, wato x yana tsakanin −3 da 3. A bakin iyakar biyu amsa sifili ce, a tsakiya inda x yake sifili amsa 3 ce, kuma nan ne ƙololuwa. Girbi daga 0 zuwa 3. In ka zana shi a takardar giraf za ka ga rabin da'ira kamar an kife ƙwarya. Faɗin ƙwaryar daga hagu zuwa dama shi ne hurumi, tsayinta daga ƙasa zuwa sama shi ne girbi. Wannan karatun zane yana aiki a kan kowace fankshan, in dai za ka iya zana ta.

In hali bai bayyana ba, sai a bi ta baya. Ka sa wa amsa suna y, ka tambaya: wane x ne zai haifar da wannan y ɗin? Ɗauki y = (2x + 1)/(x − 3). In ka juya lissafin har x ya tsaya shi kaɗai, za ka sami x = (3y + 1)/(y − 2). Ka ga ƙasan layi? Idan y ya zama 2 an koma rabawa da sifili, wato babu x ɗin da zai ba da 2. Gwada da kanka: zuba 1,003, za ka sami 2.007. Zuba miliyan, za ka ƙara matsowa. Tana ta kusantar 2 amma ba za ta taka ta ba har abada. Girbi shi ne kowace lamba ban da 2.

Tsawon yini, daga Kano zuwa inda rana ba ta faɗuwa

Yanzu bari mu kai wannan inda kowa ya san zafinsa, wato tsawon yinin azumi. Manhajojin lokutan salla da ke wayarka ba leƙa sama suke yi ba, lissafi suke yi. Mafi sauƙin sigar lissafin fitowar rana da faɗuwarta ita ce:

cos H = −tan L × tan K

L shi ne nisan garinka daga layin da ya raba duniya biyu, wato ikwaita, da ma'aunin digiri. K shi ne yadda rana ta karkata arewa ko kudu da wannan layin a ranar da ake magana, kuma a tsawon shekara yana kai-komo ne tsakanin digiri 23.4 arewa a wajen 21 ga Yuni da digiri 23.4 kudu a wajen 21 ga Disamba. H kuma kusurwar da duniya take juyawa ce daga fitowar rana zuwa tsakar rana. Tunda duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, tsawon yini shi ne H sau biyu, a raba da 15. Idan cos da tan sun ɓace maka tun barin makaranta, ba komai, maɓallai ne a kalkuleta. Abu ɗaya kawai za ka riƙe: duk kusurwar da ka ba cos, amsarsa ba ta wuce tsakanin −1 da 1. Girbinsa ke nan. Saboda haka maɓallin da ke komawa baya, cos⁻¹, wanda kake ba shi lamba ya gaya maka kusurwa, huruminsa daga −1 ne zuwa 1. Girbin wancan shi ne hurumin wannan.

Kano tana wajen digiri 12 arewa. A tsakiyar Yuni, tan 12 sau tan 23.4 ya ba da kusan 0.092. Ka sa masa mainos ka ba cos⁻¹, H ya fito digiri 95.3, yini ya zama awa 12 da minti 42. A Disamba alamar ta juya, H ya zama 84.7, yini awa 11 da minti 18. Ka ga girbin tsawon yini a Kano ke nan, duk shekara ba ya fita daga wannan ɗan tsakanin na kusan awa ɗaya da rabi. Jadawalin gaske yakan ƙara 'yan mintuna, domin iskar sararin sama tana lanƙwasa haske, ita rana kuma faifai ce ba ɗigo ba. Amma hoton bai canza ba. Shi ya sa a ƙasar Hausa abin da ke bambanta azumin bazara da na hunturu zafi ne da ƙishirwa, ba tsawon yini sosai ba.

Matsa zuwa Landan, digiri 51.5. Ninkin ya zama 0.544, yinin Yuni ya haura awa 16, na Disamba bai kai awa 8 ba. Girbi ya buɗe. Ɗalibanmu da suka yi azumin 2015 da 2016 a Ingila, lokacin da Ramadan ya faɗo a Yuni, sun san wannan a jikinsu.

Sai mu ƙara gaba zuwa Tromso, wani gari a arewacin ƙasar Nowe, wajen digiri 69.6. A nan tan L ya kai kusan 2.69, ninkin ya ba da 1.16. Ba cos⁻¹ lambar −1.16 ka gani. Kalkuleta za ta ce kuskure, irin dai wanda ta ce maka a kan 12 ÷ 0. An fita daga hurumi.

Abin sha'awar shi ne wannan kuskuren gaskiya yake faɗa. Ka tambayi lissafi ƙarfe nawa rana za ta faɗi a Tromso ranar 21 ga Yuni, ya ce maka tambayar ba ta da amsa, kuma haka ne, domin ranar ba ta faɗuwa. Daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli, kusan wata biyu, tana zagaya sama ne ko da tsakar dare. A Disamba lambar takan zama +1.16, nan ma waje da hurumi ta ɗaya gefen, rana kuma ba ta fitowa sam. Kana ma iya gano inda iyakar take: ninkin yana cika 1 daidai ne idan L ya kai 90 a ɗebe 23.4, wato digiri 66.6. Wannan shi ne layin da ake zanawa a taswira a kira shi da'irar Aktik. Ba wani ne ya ga dama ya ja shi a nan ba, bakin hurumin cos⁻¹ ne.

Musulmin da ke zaune a irin waɗannan garuruwa sukan bi lokutan Makka ko na gari mafi kusa da ke da dare da rana, gwargwadon fatawar da suka ɗauka. Wannan kuma hurumin malaman fiƙihu ne, ba namu ba. Namu shi ne mai rubuta manhajar salla dole ya san cewa lissafinsa yana da inda yake tsayawa, ya tanadi abin da za ta nuna in an kai can. Ba sai an je Nowe ba ma. Lokacin isha da na asuba ana lissafa su ne da irin wannan ƙa'idar, sai dai ana neman sa'ar da rana ta nutse wasu digiri ƙarƙashin sararin ƙasa, da yawa suna amfani da 18. A Landan, tsakiyar bazararsu, rana tana faɗuwa amma ba ta nutsewa har digiri 18, don haka lissafin isha yakan fita daga hurumi na tsawon makonni alhali na magariba yana aiki lafiya lau.

Ka lura da abin da ya faru a nan: fankshan ɗaya ce take miƙa amsarta ga wata. Duk inda aka yi irin wannan haɗin, sai girbin ta farko ya shige cikin hurumin ta biyu, in ba haka ba a sami matsala a mahaɗar. Mafi tsadar misalin wannan ya faru ne ranar 4 ga Yuni 1996, a Kourou da ke Giyana ta Faransa, lokacin da aka harba rokar Turai mai suna Ariane 5 karo na farko, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu na binciken kimiyya.

A cikin na'urar da ke gaya wa rokar inda ta dosa akwai wani ɗan lissafi da ke karɓar wata lamba mai alaƙa da gudun rokar ta gefe, ya mayar da ita cikakkiyar lamba da za ta zauna a gurbi 16 na ƙwaƙwalwar kwamfuta. Gurbi 16 ba ya ɗaukar abin da ya wuce daga −32,768 zuwa 32,767. Hurumin mayarwar ke nan. An gaji manhajar ne daga tsohuwar roka, Ariane 4, inda injiniyoyi suka yi nazari suka gamsu cewa lambar ba za ta taɓa kai wannan iyakar ba, don haka ba su sa mata kariya ba. A kan Ariane 4 sun yi daidai. Amma Ariane 5 hanyar tashinta daban ce, tana tara gudun gefe da sauri fiye da yayarta. Girbin ya faɗaɗa, hurumin yana nan yadda yake, ba wanda ya koma ya sake auna su.

Lambar ta haura 32,767, na'urar ta tsaya. Akwai ta biyu da aka tanada don irin wannan rana, sai dai manhaja iri ɗaya ce a cikinta, ita ma ta riga ta tsaya a kan dalili guda. Babbar kwamfutar rokar ta karɓi saƙon kuskure ta ɗauka bayanin tafiya ne, ta murɗa bututun injin har ƙarshe. Rokar ta karkace, iska ta fara ɓalla ta, ta tarwatsa kanta kusan daƙiƙa 40 da tashi, a tsayin da bai kai kilomita huɗu ba. Kwamitin binciken, wanda masanin lissafi ɗan Faransa Jacques-Louis Lions ya jagoranta, ya gano cewa lissafin da ya jawo wannan duka aikinsa na kafin tashi ne, lokacin da roka take tsaye a ƙasa. A kan Ariane 5 ba shi da wani amfani bayan ta ɗaga, an dai bar shi yana gudana ne saboda haka aka saba yi a Ariane 4.